Ranar da Aka Fitar da Zoɓona daga Firjin Yaya

Abubuwa da yawa sun same ni a sana'a, wasu na manta, wasu sai an tuna mini. Amma ranar da aka fitar da zoɓona daga firjin Yaya aka jera a ƙasa ina kallo, wannan kam da ita za a binne ni. Yanzu ta daina yi mini zafi, dariya ma take ba ni. Sai dai duk sanda na wuce wani kanti na hangi firjin kamfani yana ƙyalli a bakin ƙofa, sai na ɗan rage tafiya na leƙa abin da ke ciki.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da Watari, inda gidaje da gonaki suka cakuɗe har ba ka gane ƙarshen wani gari da farkon wani. Ni ce auta a gidanmu, kuma a cikin garin aka aurar da ni, don haka ƙafata ba ta ɗaukewa daga gida. Sana'ata zoɓo da kunun aya, a hannun Innarmu na koya. Ba yabon kai ba, zoɓona ba irin na jiƙa-ka-tace ba ne. Ina sa citta da kanumfari da ɓawon abarba, in bar shi ya tsumu, wanda ya sha sau ɗaya ba sai an yi masa talla ba. Da wannan sana'ar nake riƙe gidana daga kaka zuwa kaka, don maigidana manomi ne, samunsa sai amfani ya zo.

Babban yayana shi ke da kanti mafi girma a garin, a jikin soron gidanmu. Yana da wani tsohon firji mai gurnani, da janareto yake aiki, murfinsa ma sai an ɗaure da roba. Duk muninsa shi kaɗai ne abin sanyi a garin, kuma a cikinsa zoɓona yake kwana ya tashi. Ba mu taɓa yin ciniki da Yaya a kan haka ba. Firjinsa ne, ni kuma ƙanwarsa ce, magana ta ƙare.

Ana saura kaɗan a fara azumi, zafi ya fara tsananta, sai ga motar wani kamfanin lemon kwalba ta tsaya a ƙofar kantin. Wani saurayi ɗan birni ya fito, fes da shi, baki kamar an shafa masa zuma. Shi ne wakilin kamfanin a yankinmu. Ya durƙusa ya gaida Yaya, yana ta Alhaji sama Alhaji ƙasa, alhali Yaya ko filin jirgi bai taɓa zuwa ba. Ya ce kamfani ya duba duk kantunan yankin ya zaɓi nasa, za a ba shi sabon firji mai ƙofar gilashi da fitila a ciki, da faifan sola a kan rufi, ba mai ba janareto. Ko sisi ba zai biya ba.

Ina cikin soro a lokacin, na ji komai da kunnena, kuma zan yi wa yaron adalci, bai ɓoye ba. Da aka gama girka firjin ya ce, "Sai dai Alhaji, kayanmu kawai za a riƙa sawa a ciki." Yaya ya ce, "Haba, ba komai, ba komai, Allah ya saka da alheri." Na san irin wannan "ba komai" ɗin na Yaya. Ya ɗauki maganar kamar wanda aka ba riga aka ce masa don Allah ranar Juma'a kaɗai za ka riƙa sawa, wato abin da ake faɗa kawai don a faɗa.

A wurinmu idan aka aiko maka da kyauta, ba ka barin ɗan aike ya koma hannu rabbana, sai ka ba shi tukwici. Yaya ya shiga gida da sauri ya kamo zabi biyu ya ɗaure, ya haɗa da ƙwarya cike da ƙwan zabi, ya kai wa wakilin har mota. Yaron ya yi ta ƙi, Yaya ya ce ai mayar da tukwici raini ne, dole ya karɓa yana dariya. Da yamma Yaya ya sa aka yi wa kamfani addu'a a ƙofar masallaci, mutane suka yi ta zuwa yi masa barka kamar an yi masa haihuwa. Bai tsaya nan ba. Ya ce wanda Allah ya yi wa sutura shi ma ya suturta wani, ya ɗora tsohon firjin a a-kori-kura ya aika wa wani ɗan baffanmu da ke shirin buɗe shago a Bacirawa. Ni ma har da guɗa na yi, don ban ga abin da ke tafe ba. Na kwaso gorunan zoɓona na jera a ƙasan sabon firji, suka yi sanyi irin wanda ba su taɓa yi ba.

Azumi bai yi nisa ba wakilin ya dawo, bayan la'asar, daidai lokacin da mutane suka fara zuwa sayen abin buɗa baki. Ina soro ina taya Inna tankaɗe. Ya yi sallama, ya buɗe firjin, ya leƙa ƙasa. Sai ya tsugunna ya fara zaro gorunana ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a ƙasa a gefen dakali, a hankali, ba faɗa ba tsawa. Raɓar sanyin jikinsu tana gangarowa tana haɗuwa da ƙasa tana zama taɓo.

"Alhaji, ai mun yi magana," in ji shi. "Idan ogana ya zo ya ga wannan, firjin za a ɗauke, ni kuma aikina ya tafi."

Na jira Yaya ya buɗe baki ya ce wannan na ƙanwata ne. Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar, ya ce, "Gaskiyarka ne, yi haƙuri." Wai shi ne ma mai ba da haƙuri! Na yar da rariya na zari hijabi na fito. Ban kalli baƙon ba, Yaya na fuskanta.

"Yaya, a kantinka, a ƙofar gidan ubanmu, za a zubar mini da kaya a ƙasa kana tsaye?"

"Auta, rufa mini asiri," ya ce ƙasa-ƙasa. "Mutumin da ya yi maka alheri irin wannan, da wane ido za ka yi masa musu?"

Na tattara gorunan a bokiti, ga azumi ga baƙin ciki. Mutanen da suka zo sayen zoɓo suna tsaye suna kallo. Wasu suka saya a hakan don kara, amma yawanci suka miƙa hannu cikin firji suka ɗauki lemo. Ban ga laifinsu ba, mai azumi sanyi yake nema. Na yi kuka a hanyar gida, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Watan azumi shi ne kakar mai zoɓo, ni kuwa a wannan shekarar haka ya wuce ni. Na gwada randa, na gwada naɗe goruna da jiƙaƙƙen buhu, amma sanyin randa ba ya gasa da na firji. Rabin abin da na dafa sai ya yi tsami in bayar. Na daina gaida Yaya sai dai in ɗaga masa hannu daga nesa. Inna ce ta gaji da kumburina, wata rana ta ce, "Ke dai zomo ce, ba kya fushi da makashinki sai maratayinki. Yayanki ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Maimakon ki zauna kina hura hanci, ki buɗe ido ki ga yadda aka yi aka kayar da ku."

Maganar ta shige ni. Daga ranar na mayar da soron gidanmu makaranta. In na gama aikina sai in zo in zauna da tsintar wake ko tsifar kai, idona yana kan kanti. Abin da na fara lura da shi shi ne inda aka ajiye firjin. Yaya ya so a kai shi can ciki inda tsohon yake, wakilin ya dage sai bakin ƙofa. Ashe da dalili. Mutum zai zo sayen ashana, kafin ya yi sallama idonsa ya faɗa kan kwalabe suna raɓa a bayan gilashi, ƙishirwar da bai zo da ita ba ta taso masa. Sannan na ga kamfanin ya fito da lemo a wata 'yar ƙaramar roba, wadda ba a taɓa kawo mana irinta ba, kuɗinta daidai da na goran zoɓona, ba ƙari ba ragi. Babbar kwalba ta masu hali ce, ba ta dame ni ba. Wannan ƙaramar ita ce aka yi don mai ɗan canji a aljihu, wato mai sayen nawa.

Motarsu kuma ba ta zuwa sai jajiberin ranar kasuwa, don kada a wayi gari firji ya yi ƙasa. Suka zo suka yi wa bangon kantin fenti da launinsu, suka yi wa teburin mai shayi, har mutane suka daina cewa kantin wane, suka koma kwatance da launin kamfani. Da aka yi bikin 'yar mai unguwa suka aika da kiret kyauta, daga nan duk wanda zai yi biki ya ga in bai ajiye lemo ba an raina shi. Ko zuwansu ana gab da azumi ba dacewa ba ce. Sun san watan da maƙogwaro ya fi bushewa.

Amma babban abin da na gano, wanda ya sa na ajiye tiren wake na yi tagumi, shi ne ba su bi masu sha ɗaya-ɗaya suna roƙo ba. Mutum ɗaya suka kama, mai riƙe da wurin sanyi. Garin nan kaf wuri ɗaya ne ake samun abu mai sanyi, suka saye wurin da firji guda, kuma mu da hannunmu muka kori ɗayan zuwa Bacirawa. Lemonsu bai fi zoɓona daɗi ba, ban taɓa yarda da haka ba kuma har gobe ba zan yarda ba. Hanyar da zoɓon zai bi ya kai bakin mutum suka toshe.

Wata rana da wakilin ya zo sauke kaya na tare shi da gaisuwa. Ya ɗan tsorata, yana zaton faɗa ne. Na ce masa tambaya ce da ni, wannan ƙaramar robar, wa ya yanke mata kuɗi?

Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, akwai mutane a ofis da ba su da aiki sai wannan. Kafin mu shigo gari sai an zo an ga me mutane ke sha, nawa suke saye, ina suke tsayawa. Ni taget kawai ake ba ni, wato adadin da zan sayar."

"To in garin babu hanyar mota fa?"

"Inda mota ba ta shiga ba ya cikin lissafinmu," in ji shi.

Na yi masa godiya ta gaskiya, don bai san kyautar da ya ba ni ba. Na koma gida ina juya maganar. Bayan sallah maigidana ya koma aikin rani a Watari, ana ta cirar albasa da tumatir. Kullum ya dawo sai ya yi ƙorafin ruwan jarka da rana ta dafa, wai kamar shayi ba sukari. Shekara da shekaru ina jin wannan ƙorafin ban taɓa saurarensa da kunnen sana'a ba sai ranar. Ƙishirwar gaske ba a ƙofar kanti take ba. Tana can cikin fadama da tsakar rana, inda 'yan ƙwadago suke sunkuye tun safe, kuma hanyar wurin duk kunyoyin gona ne da gefen magudanar ruwa, babur ma sai gwani.

Na tambayi maigidana wa ke ciyar da masu aikin. Ya ce ai kin sani, mai gona ne ke kawo abincin rana, al'ada ce, wanda bai kyautata ba gobe ba zai samu ma'aikata ba. Na ce to shi ke nan, na samu nawa mai riƙe da ƙofar. Ba zan bi 'yan ƙwadago da gora ɗaya-ɗaya ba, masu gona zan kama.

A saman kabad ɗina akwai manyan kuloli na kayan aurena, irin waɗanda ake jerawa don 'yan ganin ɗaki, ba a sauke su sai ranar suna. Na sauke su na wanke. Na bi ƙawayena na aro nasu, su ma ƙura kawai suke sha. Akwai mai sayar da ƙanƙara a Bici, muka shirya maigidana zai riƙa biyawa da sassafe ya ɗauko. Shirin shi ne a ajiye wa kowane mai gona kula a ƙarƙashin bishiyarsa ba tare da ya biya komai ba, kullum a cika ta da ƙanƙara da zoɓo, shi kuma ya biya kuɗin zoɓon da mutanensa suka sha. Sharaɗi ɗaya ne, ba a sa komai a kular sai nawa.

A nan muka yi daru da maigidan. Ya ce shi ba zai iya kallon idon dattijo ya ce masa ga kula amma da sharaɗi ba, abin kunya ne.

"Malam, kunyar nan ce ta cinye mini azumi guda," na ce. "Ka ce musu aro ne, ba kyauta ba. Ka faɗa da ƙarfi yadda na gefe ma zai ji. In mutum ya ce maka ba komai, ka sake maimaitawa."

"Wato kin zama kamfani ke nan," in ji shi yana dariya.

"Na zama. Maimaita in ji yadda za ka faɗa."

Haka na tsare shi a tsakar gida yana maimaitawa kamar mai hadda, sai da ya iya faɗa ba gargada na ƙyale shi. Masu gona biyu suka karɓa da farko, na uku ya ce shi ba a yi masa doka a gonarsa, na ce a bar shi. Ba a daɗe ba 'yan ƙwadago suka fara tambaya kafin su karɓi aiki, gonar da zoɓo ko babu? Wanda ya ƙi da farko shi da kansa ya zo har ƙofar gida neman kula. Na ɗauki wani darasin daga kamfani, ɗanɗano ɗaya kullum. Na daina awon ido, na ware gwangwani na sukari da na citta, ko ranar da raina yake ɓace zoɓon bai canja ba. Kafin damina ta sauka na ƙara tukunya, na ɗauki mata biyu suna taya ni tata da ɗurawa. Da kaka ta zo muka bi masu yankan shinkafa da masu casa da kulolin.

Shi kuwa firjin Yaya, kasuwarsa ta azumi ce da sallah. Da suka wuce mutane suka koma lissafin gero, lemo ya zama na baƙo da mara lafiya. Wakilin ya yi ta zuwa yana cewa ciniki ya yi ƙasa, Yaya yana ba shi haƙuri. Da zagayowar shekara, wata safiya ina soro, sai ga motar ta zo ba kaya a ciki. An samu wani babban shago a bakin titi kusa da tasha, can za a mayar da firjin. Suka kwance faifan sola, suka naɗe waya, suka ɗaga firjin suka sa a mota. Wakilin ya yi ta sunkuyar da kai, da gani abin bai yi masa daɗi ba. Yaya yana tsaye hannu a baya, mutanen da suka zo masa barka bara suna kallo daga inuwa. A inda firjin ya tashi sai wani fili mai tsabta a ƙasa, siminti bai yi datti ba.

Na ɗauka ranar zan ji sanyi a raina, sai na ji tausayinsa ya kama ni. Na koma gida na zaɓi kula mafi girma, na cika ta da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, maigidana ya ɗauro ta a babur muka zo. Na sa aka ajiye ta daidai wannan filin, a bakin ƙofa, inda ido ke fara sauka.

Yaya ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba. Sannan ya ɗago ya ce, "Auta, kafin in ce na gode, mene ne sharaɗin?"

Dariya ta ƙwace mini, hawaye kuma suka biyo ta. Na ce, "Zoɓona a sama inda za a fara gani. Sauran wurin ka sa abin da ka ga dama, ko lemon nasu ne."

"Na ji, kuma na yarda," in ji shi. "Sake faɗa dai, kada in ce ban ji ba."

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne manyan kamfanoni ba tsafi suke yi ba, kuma ba mugunta ce ke tafe da su ba. Zama suke su karanci mutane, ina ƙishirwa take, nawa ne a aljihu, wa ke riƙe da ƙofa, sannan su zo da fara'a. Banza ba ta kai zomo kasuwa, ɗan kasuwa in ya miƙo maka abu kyauta akwai abin da ya hango a hannunka, kuma tambayarsa mene ne ba rashin kunya ba ne. Mu da muke zaune a wurin mun fi su sanin mutanenmu, zaman karatun ne kawai ba ma yi. Ni na yi nawa a soron gidanmu da tiren wake a cinya, kuma da shi nake ci har yau.